Wa ya liƙa wa sojan Lugga mikiya?

Mai karatu, ka yi haƙuri da ni a wannan watan, don da zafina na zo. Abin da ya tunzura ni ɗan ƙaramin abu ne, bai kai faɗin murfin kwalba ba. Amma idan ka bi ni har ƙarshe za ka yarda cewa ƙaramin abin nan yana iya tona wa babban fim asiri.

Kwanan baya muna zaune da daddare a ƙofar gida a nan Lafagu, yara sun haɗa talabijin da batirin sola, aka sa wani fim na tarihi a kan zuwan Turawa ƙasar Hausa. Ba zan faɗi sunansa ba, don laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, kusan duk kanwar ja ce. An nuno gari, an nuno fada, mahaya sun sha rawuna, har na fara cewa madalla. Can sai ga sojojin Nasara sun ɓullo. Kai jama'a! Kaki irin na masu gadin banki, bel na roba, maɓallai na roba da aka shafa wa fenti ruwan gwal. A goshin hular kowanne kuma ga mikiya ta buɗe fukafukai. Shi kuwa wanda ya fito a Bature, tambarin Nijeriya ne ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa, da dawakan nan biyu farare. Wai a shekarar 1903 ake!

Kawuna da ke kishingiɗe a gefe ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, waɗanga sojan wa ne? Na Lugga ko na Gowon?" Ya tashi ya shiga ɗaka, ya fito da wani tsohon gwangwani, ya zazzage a tafin hannuna. Lambar hula ce ta tagulla, ta yi duhu don tsufa, da hoton bishiyar kwakwar manja, a ƙarƙashinta an rubuta RWAFF. Ta mahaifinsa ce, wato kakana, wanda ya je Yaƙin Bama ya dawo. Yaran da ke kallo suka bar talabijin suka yanyame mu. Wannan ɗan ƙarfen ya fi fim ɗin gaba ɗaya jan hankalinsu, kuma ya fi shi faɗin gaskiya.

To, wai shin me ya sa mikiyar nan ta dame ni? Saboda ƙarya ce, kuma ƙarya ce da yaro zai haddace. Mikiya da tambarin dawaki biyu na Nijeriya ce mai 'yanci, ba su da wurin zama kafin 1960. Rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yuli na shekarar, sunanta WAFF, wato Rundunar Tsaron Iyaka ta Afirka ta Yamma, alamarta kuwa bishiyar kwakwa. Ko harafin R ɗin nan da ke jikin lambar kakana ba a ƙara shi ba sai a 1928, lokacin da Sarkin Ingila ya ba rundunar laƙabin ta sarauta. Ka ga ke nan ko lambar kakana ce aka liƙa wa sojan 1903, an yi kuskuren shekara 25. Haka kambin da ke jikin maɓallai da lambobin ma'aikatan Ingila: siffarsa ta zamanin sarakuna maza daban, wadda aka koma yi bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 daban. Wanda ya san abin, da ya ƙyalla ido ya ga maɓalli zai gaya maka zamanin da ake ciki. Maɓalli kalanda ne, ba ado kawai ba.

Mu mutanen wannan yanki na Bagudo mun fi kowa haƙƙin yin ƙorafi, domin rigimar da ta haifi rundunar a ƙofar gidanmu aka yi ta. A 1894 Kyaftin Lugga da wani hafsan Faransa mai suna Decoeur suka yi tseren zuwa Nikki, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Benin, kowa yana son ya riga ɗan'uwansa ƙulla yarjejeniya da sarkin Bargu. Lugga ya riga isa cikin watan Nuwamba. Faransawa ba su haƙura ba, a 1897 suka zo suka zauna a Bussa. A shekarar ce Ingila ta ba Lugga umarnin kafa WAFF don a tare su. Sojojin ɓangarorin biyu suka yi ta kallon hadarin kaji a garuruwan Bargu, har aka sa hannu a yarjejeniyar Faris ranar 14 ga Yuni 1898: Nikki ta tafi hannun Faransa, Bussa da Illo suka zauna a hannun Ingila. Iyakar nan da muke tsallakawa a Tsamiya in za mu Segbana, ko ta Lolo in za mu kasuwar Malanbil, daga wannan takardar ta samo asali. Ita ta raba dangi, wani ya wayi gari ɗan Ingilishi, ƙaninsa ɗan Faranshi.

Yanzu ka ɗauka wani darakta mai zuciya ya tashi yin fim a kan wannan labari, kuma wallahi labari ne da ya isa fim. Sojojin Ingila baƙaƙe ne, na Faransa ma baƙaƙe ne. Waɗannan suna sa jar dara, waɗancan ma jar hula suke sawa. Da yawa a cikinsu Hausa suke ji, don tun 1863 Gulba ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, Faransawa kuma suka kafa tasu rundunar Hausawan a Dahome a 1891. To, da me ɗan kallo zai bambance su? Da yankan riga, da kuma ƙarfen da ke jikinta. Sojojin Faransa na ƙasashen mallaka an san su da alamar anga, ƙugiyar nan ta tsayar da jirgin ruwa, a maɓalli da kwala. Na Ingila kuma da nasu. Idan ka sa wa kowa maɓallin roba na Kantin Kwari, ka kashe labarin tun kafin a ɗora kyamara.

Bari in kai ka waje kaɗan ka ga yadda wasu suka ɗauki abin. A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce maimaita yaƙoƙin da, su sa kayan sojan zamanin, su fita fili su kwaikwayi yadda aka gwabza. A 2015, da aka cika shekara 200 da yaƙin Watalu inda aka karya Napoliyon, mutum wajen 5,000 suka taru a filin da ke Beljiyam cikin kayan 1815. Waɗannan mutane ba albashi ake ba su ba, amma mutum zai ƙi sa riga don maɓallinta na wata bataliya ce daban. Saboda su, sana'a guda ta rayu: masu zubin ƙarfe da ke kwaikwayon tsofaffin maɓallai, da kan bel, da lambobin hula. Indiyawan da muke kwaikwayo fa? Matar da ta shirya tufafin fim ɗin Lagaan na 2001, Bhanu Athaiya, ita ce ta ci kyautar Oska saboda tufafin fim ɗin Gandhi na 1982. Mun kwaso rawa da waƙa daga wajensu kamar ba gobe, amma wannan ƙwazon na bin diddigi mun bar musu abinsu.

Kada ka ce ai su Turawa ne da Indiyawa. Med Hondo ya yi fim ɗin Sarauniya a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, a kan Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Duk wanda ya kalla ya san an wahala a kan kayan sojojin, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. A gida ma marigayi Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976, ya yi Kanta na Kabi a 1978. Shaihu Umar ɗin nan an gyara shi an nuna a bikin finafinai na Balin a 2018, shekara 42 bayan yin sa. Wane fim ne cikin na maɓallin roba za a nema bayan shekara 42?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ne ya kamata mu koya wa wasu wannan aiki. Mene ne hawan sallah in ba maimaita fitar rundunar da ba? 'Yan sulke, 'yan lifidi, 'yan kwalkwali, 'yan bindiga, kowa da kayansa. Har hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a Disamba 2024. Su wa ke ƙera likkafa da linzami da kayan adon dawakan? Maƙeran fari ne namu na gida, irin waɗanda kayansu ke cika rumfuna a Kasuwar Kurmi, da 'yan tagullar Bida. Su kuwa masu zuba tukunyar alminiyam, da wuya ka shiga babbar kasuwa a Arewa ba ka ji warin wutarsu ba. Kaza ce ta kwana a kan dami.

Don kada a ce surutu kawai nake yi, na roƙi Kawu aron lambar nan, na kai wa wani mai zubin tukwane a ranar kasuwa. Ya jujjuya ta ya ce, "Malam, wannan ai bai kai marfin tukunya wuya ba, sai dai yana son yashi mai laushi." A gabana ya yi. Akwatin katako ne mai hawa biyu. Ya tankaɗe yashi mai haɗe da 'yar laka, mai ɗan danshi kaɗan, ya cika na ƙasa ya daddanna. Ya kwantar da lambar a kai, ya barbaɗa toka don kada sama da ƙasa su manne, ya ɗora na sama ya cika ya daddaɓe. Ya buɗe a hankali ya cire lambar, sai ga hoton kwakwa ya fito a yashi har da ganyenta. Ya yanka 'yar hanya da ƙarfe zai bi, ya huda wata ta fitar iska, ya mayar ya rufe. Yaronsa yana ta juya zuga-zugi, tsofaffin kan famfo da kwaɗon ƙofa suna narkewa a kasko. Ya zuba, muka jira, ya fasa. Ta farko ta fito da rami a gindin bishiyar, ya ce danshi ya yi yawa. Ta biyu ta fito sumul. Ya bi ta da magagari, ya liƙa mata kunnuwa biyu a baya, ya goge da toka da lemon tsami. Kafin la'asar muna da guda shida. Abin da na biya shi bai kai abin da ake kashewa a lemon kwalba na yini ɗaya a lokeshin ba.

Ga abin da na ƙaru da shi, kuma ya kamata mai kula da kayan fim ya sani. Farar tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, tana narkewa a zafin da ya ɗara digiri 900 kaɗan, alminiyam kuwa a 660, kuza a 232. Ma'ana, wutar gawayi da zuga-zugi ta ishi dukkansu. Tagulla tana ɗan tsukewa idan ta huce, kimanin kashi ɗaya da rabi cikin 100, saboda haka kwafi yakan ɗan gaza asali, kwafin kwafi kuma ya ƙara gazawa ya dusashe. Kullum a riƙa ɗauka daga asali. Inda babu asali sai hoto, sai a koma ga dabarar kakin zuma: a sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe da laka, a gasa kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Da wannan dabara aka yi tagullar Igbo-Ukwu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da ta Ife da ta Bini. Idan kuma maɓallai ɗari biyu ake so na sojojin da za su tsaya can baya, akwai robar silikon mai jure zafi da ake zuba kuza a cikinta sau da yawa. Na jaruman da kyamara za ta matsa kusa da su a yi na tagulla, na 'yan baya a yi na kuza ko alminiyam a shafa musu launi.

Wani zai ce ai na asalin ba zuba su aka yi ba, da inji aka buga su a masana'antun Ingila, musamman Bamingam. Gaskiya ne. Amma su kansu sojojin Ingila da ke Indiya da Masar, idan lamba ta ɓata ko ta yi ƙaranci, maƙeran kasuwa suke kai wa a zuba musu a yashi, kuma har yau masu tara kayan tarihi suna cinikin irin waɗannan. Abin da Baturen da kansa bai raina ba, kai furodusa mene ne naka na rainawa?

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su. Ta farko: "Ai 'yan kallo ba ruwansu, labari suke bi." Wannan raini ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ɗan kallo ba zai iya gaya maka shekarar da aka ƙara harafin R ba, amma ya san bambancin ƙarfe da roba idan rana ta haska, kuma da zarar ya ji a ransa wasan yara ake yi, kukan jaruma ba zai ƙara taɓa shi ba. Balle yanzu da finafinanmu suke YouTube, ɗan Yamai da ɗan Kumasi da ɗalibin tarihi a Landan duk suna gani, suna iya tsayar da hoto su zuƙo shi.

Ta biyu: "Babu kuɗi." Haba Alhaji! Akwai kuɗin canza wa jaruma leshi kala bakwai a waƙa ɗaya, akwai na hayar jirgi maras matuƙi don a ɗauko rufin gidaje daga sama, na maƙeri ne babu? Kuma ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da ka zuba bana, shi za ka yi fim goma da shi, har ka ba wasu haya. Araha dai ba ta ado.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma ina girmama masu yin ta: "Don me za mu ɓata lokaci muna ƙawata kayan waɗanda suka ci ƙasarmu da yaƙi?" Ɗan'uwa, faɗin gaskiya a kan mutum ba yabonsa ba ne. Rundunar Kanar Morland da ta fasa ganuwar Kano, Turawan cikinta ba su kai 50 ba, sauran fiye da 700 baƙaƙen fata ne, da yawansu masu jin Hausa. Waɗanda suka ƙone Satiru a 1906 su ne dai. Waɗanda suka mutu a dazukan Bama a runduna ta 81 mai alamar gizo-gizo, da ta 82 mai alamar māsu biyu a kan gammo, 'ya'yansu ne da jikokinsu. Tarihin nan namu ne, da ɗacinsa da zaƙinsa. Idan ka sa wa wanda ya harbi mutanen Sarki Attahiru mikiyar Nijeriya, ka ɗora wa sojan ƙasarka laifin da ba nasa ba, ka kuma wanke mai laifin. Akwai cin amanar shahidan Burmi da ya wuce wannan?

Akwai kuma maganar tsaro, wadda mu na bakin iyaka muka fi kowa sanin zafinta. Doka ta hana wanda ba soja ba yawo da kaki da lambobin soja. A irin halin da Kabi da Sakkwato da Zamfara suka shiga a 'yan shekarun nan, ka kwashi samari ashirin ka sa musu kakin zamani ka kai su bayan gari da bindigogin katako, ai ka sayi rigima da kuɗinka, in ma ba a yi asarar rai ba. Lambar rundunar da aka rushe tun 1960 ba ta ruɗa kowa. Don haka ina jan kunnen maƙera: ku zuba na tarihi, kada wanda ya ruɗe ku da kuɗi ku zuba masa lambar soja ko ta ɗan sanda ko ta kwastan ta yau. Kada ku karɓi kwanson harsashi a matsayin tagulla. Ku nisanci dalmar tsohon batir, don mun ga yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. A yi narki a fili, hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi. Kowace lamba kuma a buga mata kalmar "kwafi" da shekara a bayanta, don kada gobe wani ɗan damfara ya sayar da ita a matsayin kayan tarihi.

Ga 'yan fim kuma, abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Kafin ku kira tela, ku tura mutum ɗaya ya yi mako guda yana bincike. Ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga Gidan Makama a Kano, ga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ga gidan kayan yaƙi na Umuahia, ga hotuna birjik a intanet. Ku shiga gidajen mazan jiya da ladabi, akwai gwangwanaye irin na Kawu a ƙarƙashin gadaje da yawa, ku ara ku kwafa ku mayar. Ku sa sunan maƙerin a jerin ma'aikata a ƙarshen fim kamar yadda kuke sa na mai kwalliya. Ƙungiyoyinku kuma su haɗa kuɗi a yi rumbun kayan tarihi guda ɗaya a Kano wanda kowa zai riƙa haya. Marubutan littattafai ma ban ƙyale ku ba: idan za ku sa soja a labari, ku san me ke kafaɗarsa. Ko kun san aninin da muke kiran tauraron kafaɗar hafsa da shi sunan kuɗi ne, kashi ɗaya cikin goma na kobo, mai huda a tsakiya, kuma wanda aka fara bugawa a 1907 na alminiyam ne? Ƙarfen tukunyar nan dai da kuke rainawa.

Labarai suna nan jibge suna jiran mai ɗauka. Ga Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, ya dawo ya yi wa Ingila har Bama, ya yi ritaya a 1953, yau ga barikin soja da sunansa a Lakwaja. Mutum ɗaya, kakin ƙasa biyu, lambobi iri-iri. Ranar da za a yi fim ɗinsa, da me za a yi masa ado? Da maɓallin roba?

Na mayar wa Kawu lambarsa ta koma gwangwani. Kwafi shidan suna nan a wajena. Duk daraktan da ya shirya yin fim ɗin tarihi tsakani da Allah, ya aiko ta hannun Edita, zan ba shi ɗaya kyauta, in kuma raka shi rumfar mai zubin. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya sa mu dace. Sai wani watan, in da rai da lafiya.